Ƙarfen da Ya Wuni a Rana

Ku 'ya'yana, akwai maganar da kuka taso kuna ji a bakin mutanen Ƙofar Kwaya, kuma na lura tana yi maku daɗi. Ana cewa ubanku Rabe ɗan halak ne, wai da idon yayanshi Sada ya yi rauni shi ya riƙe gareji, ya kuma ci gaba da jan shi a jiki don kada zaman gida ya kashe shi. Ranar zaman makokin Yaya har wani dattijo ya dafa kafaɗata yana sa mani albarka a kan haka, ni kuwa na sunkuyar da kai ina amsa amin kamar gaske. To, kafin hannun nan ya ƙi riƙe biro, bari in gyara maku zancen, don ba haka aka yi ba.

Garejinmu yana nan inda kuka san shi, bayan Ƙofar Durbi, sai dai a wancan zamani ba haka yake ba. Rumfar kwano ce guda, da itacen bedi, da wani ɗakin ƙasa mai sanyi da mahaifinmu ya gina kafin ya rasu, inda muke ajiye kayan aiki da randar ruwan sha. Ba hayaniyar babura, ba mai kiranka a waya sau goma yana tambayar an gama ko ba a gama ba. Da safe mai koko ta aiko, mu sha a tsaye, direbobin ƙauye su jeru a benci suna ba juna labarin hanya, rabinshi ƙarya. Kai, duniya ta yi daɗi a wurin nan! Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu. Dogo ne, mara son magana, in ya ce maka "to" sau biyu a wuni ka yi sa'a. Ni kuwa kun san hali, baki ba ya hutawa, ga zuciya a kusa. Innarmu takan ce da za a zuba mu a turmi guda a kirɓa, da an fitar da mutum ɗaya mai hankali.

Tunda ba wanda ya gaji sana'ar a cikinku, duk kun gudu ofis, dole in yi maku bayani kamar baƙi. Gangar jikin inji ita muke kira bulok, wani jibgegen ƙarfe mai ramuka huɗu. A cikin kowane rami fistin ke hawa da sauka. In inji ya tsufa ramukan sun cinye, sai a kai a yi masu borin, wato a ƙara masu faɗi, a sayo sababbin fistin masu ɗan kauri. Wuyar aikin duk tana ga ratar da za a bari tsakanin fistin da bangon rami, ratar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa, mota ta dinga shan baƙin mai tana hayaƙi tana ƙwanƙwasa. In ta yi kaɗan kuwa, nan ne mutuwa take, domin ƙarfen fistin irin na tukunyar dalma ne, ya fi bulok saurin kumbura in ya ji wuta. Da inji ya ɗauki zafi sai ya cika ramin ya cije, ko jaki goma ba su motsa shi. Yaya ba ya ce mata rata, numfashi yake ce mata.

A Katsina kaf, a lokacin, ba wanda ya kai Yaya iya barin numfashi. Ba ya yarda masu borin su ƙarasa mashi, sai ya ce su rage kaɗan, shi ya ƙarasa da dutsen guga, a hankali, yana yi yana dubawa. Abin awonshi fila ne, wasu siraran ƙarafa kamar ruwan reza amma dogaye, kowane da lambar kaurinshi rubuce ƙanana a jiki. Sai ya jingina ganyen fila a bangon rami, ya zura fistin a kife, ya lumshe ido ya jawo ganyen. Yadda ya biyo shi, da ɗan nauyi ba gardama, shi ke gaya mashi an yi ko da saura. Kuma yana da doka guda wadda ko Sarki ya aiko ba ya karyawa. Awon ƙarshe sai da safe, bayan bulok da fistin sun kwana tare a ɗakin ƙasa. Kafin ya ɗauki fila sai ya shimfiɗa tafinshi a kan bulok, sannan a kan fistin, ya ji sanyinsu ɗaya.

"Wanda ya sha rana buɗewa yake yi, wanda ya kwana a sanyi tsukewa yake yi," haka yakan ce mani. "In ba ɗaki guda suka kwana ba, ƙarya za su yi maka, Rabe."

Ni kuwa a zuciyata camfi na ɗauke shi. Ƙarfe ne fa, ba ƙullin waina ba, ina rana za ta buɗa shi? Kuma in faɗi gaskiya, akwai haushi a ciki. Na haura talatin, ina da mata, an haifi biyu daga cikinku, na iya kwance inji in ɗaura ido rufe, amma Yaya bai taɓa miƙo mani fila ba. Wanki nawa, ɗauri nawa, awo nashi. Ina son shi, Allah ya sani, amma ina jiran ranar da za a gane dokar nan tashi iska ce.

Ranar ta zo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi. Akwai wani direba, Malam Iro, mutumin ƙauye ne daga wajen Mashi, ya zo birni da akori-kura ɗaya tak, da ita yake ci da iyalinshi. Injinta ya gaji muka sauke, kwana tara tana kan duwatsu. Rannan da hantsi Yaya ya gama guga, ya ce in wanke bulok in shigar ɗaki, gobe da safe a yi awon ƙarshe. Sai aka aiko an yi rasuwa a unguwa, ya wanke hannu ya tafi jana'iza. Na wanke bulok da kananzir, na bi da ruwa da sabulu, na bar shi a fili ya bushe. Daga nan hira ta ɗauke ni, aka yi azahar, aka ci abinci, ƙarfe yana nan rana tana dukanshi. Fistin huɗu kuwa suna ɗaki cikin kwalinsu, jikin randa.

Ana cikin haka Malam Iro ya faɗo wurjanjan. Ya sami lodin albasa zuwa kasuwa gobe, in bai ɗauka ba wani zai ɗauka, mai kayan kuma ba zai sake neman shi ba.

"Malam Rabe, don girman Allah ka sa baki. Kwana tara ina kallon mota kamar hoto. Kai ne yayanka yake jin maganarka."

Ba ya jin maganata, amma daɗin baki ya riga ya kama ni. Na ce ya je ya yi sallar la'asar ya dawo. Yana juya baya na naɗe hannu da tsumma, na mirgina bulok kan buhu, na ja shi cikin ɗaki na ajiye gefen fistin. Ko rubu'in awa ba a yi ba sai ga Yaya, ga Malam Iro a bayanshi yana ta roƙo, har ya tuɓe hula. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, don akwai shi da tausayi. Ya leƙa ɗaki, ya dube ni.

"Tun yaushe yake ciki?"

"Tun fitarka, Yaya."

Kun ji ta nan. Kalma uku ce, ban ko yi in'ina ba.

Ya durƙusa ya shimfiɗa tafinshi a kan bulok. Ƙarfen nan ba zai ƙona mutum ba, amma ko jinjiri ka ɗora wa hannu zai janye. Na tsaya ina jiran ya ɗago ya kira ni maƙaryaci a gaban baƙo. Hannun ya zauna, ya zauna. Ya ɗauke shi ya taɓa fistin mai sanyin randa, ya gyaɗa kai.

"To. Tunda sun wuni tare, kawo fila."

Wallahi a wurin na so in yi magana. Abu biyu suka hana ni. Na ɗaya kunya, na biyu tsoron abin da na gani, domin na gane hannun Yaya bai ji komai ba. Sai na lallashi kaina da cewa ai dama camfi ne, ga shi ma mai dokar bai gane ba. Ya zura fistin ɗaya bayan ɗaya, ganye yana biyo shi lafiya lau, don ramukan sun buɗe da rana. Ya ce numfashi ya yi. Muka soma ɗauri kafin magariba, muka ƙarasa da sassafe, aka ba ta wuta ta tashi da murya mai daɗi. Malam Iro ya tafi yana zuba mana albarka. Ni kuma na bi motar da kallo ina ce wa kaina, ka gani ko, Rabe, ashe kai ke da gaskiya.

Ba a yi azahar ba ya dawo a bayan wata mota, fuska duk ta faɗa. Ko rabin hanya bai kai ba injin ya cije, albasa tana can kan titi rana tana dafa ta. Bai yi zagi ba, da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Aka jawo mota muka sauke inji. Fistin huɗu duk sun kakkarce, kamar an bi su da ƙusa. Yaya ya jujjuya su, ya ciro fila daga aljihu ya ɗaga wajen haske, yana matso da lambobin kusa yana nesantawa. Ya daɗe a haka.

"Siririn ganye na ɗauka a madadin mai kauri," ya ce. "Idona ne. Malam Iro, ka yi haƙuri, laifina ne, ba na kowa ba. Za a sake maka."

Sai ya kamo hannuna ya danƙa mani fila, ya ce in sake aikin, in bari su kwana. Ya saka takalmi ya tafi gida. Abin da na yi shekara goma ina kwaɗayi, ga shi a tafina, kuma ban taɓa riƙe abin da ya yi mani nauyi kamarshi ba.

Damina ta zo ta wuce Yaya yana zaune a zaure. Gari ya ɗauka, idon Sada ya tafi. Ni na riƙe gareji, aiki kuma ya yi kyau, don ba a taɓa ganin mai bin dokar kwana ɗaki guda kamar ni ba. Har dariya direbobi suke yi mani, wai na fi mai kora shafawa. Kullum da yamma in na dawo sai in tarar da shi kan tabarma, ya tambaye ni injin wa aka ɗaura yau, lamba nawa na sa, in ba shi amsa ina kallon ƙasa. Gida ɗaya muke, tuwo kwano ɗaya, amma ba na iya cin abin kirki. Uwarku ta fara tambaya ko wani ciwo ke damuna. Inna kuwa ba a yi mata ɓoyo. Ita ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta tare ni wata rana a ƙofar ɗakinta tana gyaran wake.

"Kai, zo nan. Wancan ya bar aiki ya rame, na san dalili. Kai da ka samu aiki, ramar me kake yi?"

"Gajiya ce, Inna."

"Gajiya. To. Ni na haife ka, tun kana satar ƙuli-ƙuli haka kunnenka ke yi in ka yi ƙarya. Ban tambaye ka ko mene ne ba. Amma in na ɗan'uwanka ne, ka mayar mashi tun ina da rai."

Na ce to, na kuma ƙi. Ina gaya wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, tonawa ba za ta gyara komai ba.

Bayan kaka sai Yaya ya je asibitin ido aka yanka mashi tabarau. Ban manta yammacin ba. Ya shigo gida da su a fuska, mutumin da ba ya dariya yana washe baki kamar ango. Ya karɓi fila a hannuna, ya zauna tsakar gida yana karanta wa Inna lambobin ɗaya bayan ɗaya, ita tana cewa madalla, alhali ko alif ba ta gane ba a ciki. Matarshi har guɗa ta yi don tsokana. Ya ce ranar Asabar zai koma aiki, a gaya wa direbobi. Ana wannan murna uwarku ta sauke butar shayi daga gawayi, ta juya neman tsumma. Yaya ya miƙa hannu ya kama butar a gindi ya matsar da ita gefe, yana ci gaba da magana. Da aka watse uwarku ta ja ni gefe.

"Ka ga abin da na gani? Je ka dubi yatsunshi."

Na je da sunan karɓar fila, na duba. Yatsu biyu sun tashi, sun ɗuri ruwa, shi bai ma sani ba. Daga baya likita ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin, amma a ranar abin da na sani shi ne jibi mutumin nan zai koma cikin lagireto mai tafasa da salansa mai wuta, da hannun da ba ya ji, yana murna an gyara mashi ido. In na yi shiru zai nakasa kanshi. In na faɗa, na wanke idonshi, na kashe hannunshi, na kuma kashe kaina a wurinshi.

Washegari Juma'a, bayan an sauko masallaci, na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa kamar mai neman aure. Na faɗa mashi duka, shanyar rana, tsumma, buhu, da kalma ukun nan. Ban rage ba, ban kuma sa Malam Iro a ciki ba. Ya cire tabarau ya riƙe. Na zaci zai tambaye ni don me na yi, na ma shirya amsa. Bai tambaya ba.

"Ganyen da na ɗauka daidai ne ke nan."

"Daidai ne, Yaya."

"Na taɓa bulok ɗin?"

"Ka taɓa."

"Da zafi?"

"Da zafi, Yaya."

"Ƙwarai?"

"Sai da na naɗe hannu da tsumma."

Ya buɗe tafinshi yana kallo, sai a lokacin ya ga ƙunar yatsun. Ya danna ta da babban yatsa, ya sake dannawa. Ni dai kuka nake yi, ƙato da ni, da gemu. Shi ko ɗigo.

"Na daɗe ina jin su kamar na aro," ya ce. "Na ce sanyin damina ne, na ce zafin bazara ne. Da ido ne, Rabe, ai ga magani na sawo."

Ya naɗe tabarau ya sa aljihu, ya tashi ya shige gida. Asabar ta zo bai fito ba. Lahadi ma haka. Kwana shida bai yi mani magana ba, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Kwanonmu aka raba biyu, abin da ba a taɓa yi ba tun muna yara. Inna kuwa ta daina kallon kunnena. Na fara tunanin in kwashe ku mu koma haya Ƙofar 'Yandaka, in bar mashi gida da gareji, don a ganina abin da ya rage ke nan.

Rana ta bakwai na je aiki da sassafe. Akwai bulok da fistin da na kwantar tun jiya. Na buɗe ɗakin ƙasa ke nan sai na ji sallama a bayana. Yaya ne, da rigar aiki, da tabarau. Bai dubi fuskata ba. Ya wuce ni ya durƙusa gaban bulok, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, sai ya tsayar da shi a sama. Ya juyo ya kama wuyan hannuna, ya ja ni ƙasa, ya shimfiɗa tafina a kan ƙarfen, sannan a kan fistin.

"Nauyin ganye a wuyan hannu nake jin shi, wannan bai mutu ba tukuna," ya ce. "Zafi ne ba ni da shi. Faɗa mani. Ɗaya suke?"

Na sake shafa bulok, na shafa fistin.

"Ɗaya suke, Yaya."

"To. Kawo fila."

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, har ciwon ya kwantar da shi. Duk safiyar da za a yi awo sai ya kama hannuna ya ɗora, ya yi mani tambayar nan. Garejin cike yake da mutane, kowa da tafi biyu. Bai taɓa kiran wani ya sake taɓa ƙarfen bayan na taɓa ba, ko sau ɗaya.